Faifan da Ya Kusa Cinye Iƙamata

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da lokacin da mai binciken kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda ya daina murmushi ba. Ya zaro faifan garmaho daga kwalin da na je karɓa, ya juya bangonsa, sai ga gicciye ɓaro-ɓaro.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare a Sudan ba, ina buga tafireta a ofishin wani tsohon Bature injiniya. Shi ya aike ni, ni kuwa don iyayi na sa hannu a takardar kayan da sunana. Kayan coci, a ƙasar nan, a hannun 'yar Takari! Ba abin da nake hangowa sai an karɓe iƙamata, takardar izinin zamana, an sa ni a jirgi, mahaifiyata tana unguwar Sa'alaba tana jirana da abincin rana.

"Zauna nan, ya binti," in ji mai binciken. Aka kirawo Baturen.

Na ɗauka ceto ya zo. Ashe bawan Allah yana ganin shekarar da aka buga a bangon sai ya harzuƙa. "Ƙarya ne! Mai kiɗan nan yana saurayi ya tsara shi, ba da tsufansa ba. Gajeriyar addu'ar coci ce, goge biyu kacal, ko kakaki babu!" Ni ce kuma mai fassara masa zuwa Larabci, da bakina nake ƙara wa kaina laifi.

Aka ɗauko garmaho aka ɗora. Goge suka kwasa da gudu, mawaƙa kowa na rera layinsa daban a lokaci guda don a gama da wuri. Baturen sai ɗaga yatsa yake: "Kun ji? Gaggawar ƙuruciya!" Ina hawaye, na lura ƙafar mai binciken tana bin kiɗan a ƙarƙashin tebur.

Kafin shayin mai binciken ya huce an gama. Ya ce, "Wannan ce ibadar? Wallahi ibada ba ta da goge. Kiɗan biki ne."

Baturen ya tambaye ni abin da aka ce, na gaya masa. Ya yi jajir, ya shiga rantsuwa cewa ibada ce ta gaske.

"Me yake cewa?" in ji mai binciken.

"Ya ce ya gode, ya ammi," na ce masa, wato kawu.

"Halas. Yalla, tafi gida, ba ki da laifi." Daidai nan aka kira la'asar.

Har yau in na ji goge sai gabana ya faɗi. Amma na koyi abu biyu: ba na sa hannu a kwalin da ban buɗe ba, kuma ba duk ilimin mai ilimi ake fassarawa ba.