Sista Mai Kofi da Awarwaron Inna

Kowace safiya, kafin ta taɓa allura ko magani, sai ta bi gadajen ɗakin tsofaffi na asibiti tana gaisuwa, tana kama wuyan hannun kowa. Mu masu jinya mun ɗauka bugun jini take ji. Ashe nama take aunawa da yatsunta. Sista Mai Kofi ake ce mata, saboda wani kofin roba da ba ya barin aljihun rigarta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa ba zan bari ta tafi shiru ba.

Inna, mahaifiyata, ta faɗi ta karye a ƙugu. Likita ya ce ba zai yi mata aiki ba sai jikinta ya yi ƙarfi, don abinci ya daina shiga. Aka rubuta mata madarar gina jiki ta cikin 'yan kwalabe, safe da yamma. Kullum kwalba ta koma wayam, mu kuma muna ta hamdala.

Wata safiya Sista ta ɗaga hannun Inna, sai awarwaron da ya shekara da shekaru a wuyan hannunta ya zarce har gwiwar hannu. Na ga fuskar Sista ta canza.

"Inna, wa ke shan madarar nan?"

"Ai ana sha, 'yar nan."

"Na san ana sha. Wa?"

Inna ta juya fuska bango. Ashe duk wanda ya zo dubiya sai ta miƙa masa: ƙanwarta, maƙwabta, har masu jinyar gadon kusa. Su sun ɗauka abin sha ne kawai, kuma wa zai mayar da kyautar tsohuwa? Uwata na ƙarewa a gaban idonmu, mu muna murnar kwalba!

"Mutum ya taso takanas ya zo gaishe ni, in bar shi baki bushe?" in ji Inna. "Ai ban mutu ba tukuna."

Na ce daga yau babu mai shigowa. Sista ta girgiza kai. "Ka hana ta baƙi, ko ruwa ba za ta ƙara sha ba." Ta ja kujera, ta ciro kofin nan, ta zuba wa kanta shayi. "Inna, yau ni ce baƙuwarki. Ni kuma ba na kai kofi baki sai mai gida ta fara."

Inna ta harare ta. "Ke dai akwai wayo." Ta kurɓi madarar.

Haka Sista ta dinga zama da Inna a lokacin hutunta, har kwalba ta ƙare a cikin da aka nufa. Wata mai jinya ta ce min nata mahaifin ma haka Sista ta yi da shi, mai ɓoye tasa madarar a ƙarƙashin matashi don jikoki.

Sista, ke ce kika hana mu binne uwarmu da yunwa alhali abinci na gefen gadonta. An yi aikin, Inna ta fita da ƙafarta. Allah ya saka miki, ya ba ki mai zama da ke ranar da naki hannun ya gaji.

Ku kuma masu zuwa dubiya, in tsoho ya miƙo muku kwalbarsa, kada kunya ta sa ku karɓa. Ku ja kujera ku zauna har ya shanye. Jiya na kama hannun Inna na ɗaga sama, awarwaron bai motsa ba.