Ranar da Na Zama Hajiya

Ko na manta da komai a sana'ata, ba zan manta da ranar da na zama Hajiya a bainar jama'a ba, ni da gemuna har da furfura.

Na daɗe ina ɗinkin mata a Ƙofar Durbi, cikin Katsina. A da, kyan aiki ke kawo maka mutane. Sai zamani ya juya, mata suka daina tambayar maƙwabta, suka koma tambayar waya. Telan da ke tsallaken titi, wanda sau da yawa hannun rigarsa ɗaya kan fi ɗaya tsawo, ya cika intanet da hotuna, sai ga motoci a ƙofar shagonsa, ni kuwa ina korar ƙuda. Ni ma na buɗe shafi na riƙa sa hotuna. Sati uku, mutum biyu suka yaba: matata da ƙanenta.

Nan shaiɗan ya ba ni shawara, na kuwa karɓa hannu biyu. Na sayi sabon layi, na buɗe wani shafin da hoton fure, na ce ni wata Hajiya ce daga Ƙofar Sauri. Duk hoton da na sa, sai Hajiya ta zo ta zuba yabo. Mata suka fara tambayarta farashi da cika alkawari, tana ba su amsa cikin natsuwa irin ta manya. Aiki ya buɗe. Wasu in za su tafi har sukan ce in gaida Hajiya, in ce za ta ji. Ba ƙarya na yi ba, tana ji.

Wata Juma'a gab da Sallah, na sa hoton wata rigar leshi ina saurin tafiya masallaci, na manta ban sauya shafi ba. Da sunana, da hotona na hula da gemu, na rubuta: “Malam, Allah ya ƙara basira. Jiya da na sa rigar da ka ɗinka min, maigida kasa cin tuwo ya yi, sai kallona yake.”

Kafin a sauko daga masallaci an ɗauki hoton rubutun, ya zaga Katsina. Na goge, amma me aka yi? Ina buɗe shago sai ga telan tsallake, wanda bai taɓa gaishe ni ba, ya rusuna da ladabi.

“Hajiya, barka da Juma'a. Ya maigida? Ya dai samu ya ci tuwon?”

A gida matata ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye min abinci, ta ce ashe mu biyu ne masu miji a gidan.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar yadda mata suka riƙa aikowa a karɓe musu yadinsu. Cikinsu har da wata malamar makaranta da ta yi ritaya, wadda ta kawo ɗinkin bikin 'yarta. Ita da kanta ta zo. Ta juya rigar da na fara, ta duba ɗinkin ciki, sannan ta ce:

“Malam, mai wannan hannun me ya kai shi ɗaura ɗankwali? Fita ka faɗa wa mutane gaskiya, ni kuma zan bar kayana.”

Na rubuta a shafina na amsa laifina. Bayan biki malamar ta sa hoton amarya, ta rubuta cewa ɗinki ya yi kyau ƙwarai, sai dai tela ya makara da kwana uku. Na so ta cire maganar makarar, ta ƙi. Wannan yabo mai haɗe da tsiya shi ya dawo min da mutane, fiye da duk zumar bakin Hajiya.

Har yau in na shiga kasuwa sayen zare, sai an tambaye ni maigida. Abin da na koya shi ne, intanet kasuwa ce da ba ta tashi, kuma ba ta mantuwa. Ka baje kayanka a cikinta, amma ka bar mai saye ya yaba da bakinsa.