Fankar da Kawu Bai Mayar Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Asabar, sha ɗaya ga watan Janairu, Allah ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, bakaniken da direbobi ke kira Kunne. Zazzaɓi ne ya kwana da shi, kafin rana ta ɗaga an gama. Kawu, mun sa ka a makwancinka cikin sanyin da ya sa yatsunmu suka ƙi riƙe shebur.

Ba a banza aka sa maka Kunne ba. Ba ka taɓa fara kwance mota ba sai ka saurare ta. Ka ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ka kanga kunne a ƙotar, ka rufe ido, duk wanda ya yi magana ya sha harara. Kana da wata ɗabi'a kuma da ke ba masu sauri haushi: ba ka sallamar mota sai ka shiga ka zauna kusa da direba an zaga da kai. Ko taya aka canza. Kakan ce aikin da ba ka zauna a ciki ba bai ƙare ba.

Tsohuwar motar da nake dakon katako da ita ta fi kowace mota shan zaginka. Kana kiranta Gwaggo, wai don ba ta tashi sai an lallashe ta. Bana da sanyi ya shigo, fankar hitarta, mai ɗumama cikin motar, ta kama wani ƙugi mai shiga haƙori, iskar da take hurowa kuma da ita da babu duk ɗaya. Ni kam da zan jure, in ƙara riga. Amma ka san Auta, 'yata, tana da sikila, sanyi kaɗan ne ke tayar mata da ciwon ƙashi, kuma a motar nan nake kai ta asibiti. Da na ce a bari sai wani mako, ka yi min kallon da ka saba yi min tun ina yaro, ka ce, "Kai dai sha sanyinka. Jikata ba za ta sha shi ba."

Ranar Alhamis ka kama tiyo biyun da ke shiga hitar, ka sa ni ma na taɓa. Ɗaya zafi zau, ɗaya sanyi ƙalau. Ka ce tsatsa ce ta toshe hanyar ruwan. Ka zare su, ka yi ta ɗura ruwa har jar laka ta daina fitowa. Zafi ya dawo, amma ƙugin yana nan. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod ka zaƙulo busassun ganye da sheƙar ɓera, ka ce boris ɗin da fankar ke juyawa a kansa ma ya bushe. Ka ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa sau biyu, ta yi shiru na ɗan lokaci, Auta da na zo da ita ta yi ta dariya tana cewa Gwaggo tsoron Kaka take ji. Ka ce in bar motar. Da yammacin Juma'a na iske ta a bakin gareji, makulli a kan taya inda ka saba ajiyewa, maƙwabcinka mai walda ya ce ka tafi gida ba ka jin daɗi. Na ɗauka ka gama. Washegari muka rasa ka.

Abin da zan faɗa yanzu na yi ta juya shi a raina kafin in rubuta. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma a kan haka zan mutu. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Safiyar Litinin ciwo ya tasar wa Auta. Na naɗe ta a bargo na sa a mota, gilas duk ya yi raɓa, tana kuka tana riƙe gwiwa. Na murɗa maɓallin fanka. Shiru. Na sake murɗawa, shiru. Ga asibitin da nisa. Muna tsaye a mararrabar jirgin ƙasa, an sauke shinge, sai na ji ƙwas, ƙwas, daga ƙarƙashin dashbod, alhali babu wanda ya taɓa wurin. Iska mai ɗumi ta taso, ba ƙugi ko kaɗan, har tana kaɗa gefen ɗankwalin yarinyar. Auta ta daina kuka. Ta matso tsakiya ta matse ni, har na kasa sa giya. Na ce ta koma wurinta. Ta ce, "Baba, wuri na ba Kaka."

Ban waiwaya ba, wallahi. Idona a kan titi har ƙofar asibiti.

Da yamma na koma zaman makoki. Matarka ta kira ni gefe, ta miƙo min wani abu mai nauyi a naɗe cikin tsumma. Ta ce da shi ka shigo gida ranar Juma'a, ka zauna bakin gado kana sa masa giris, ka ce a gaya min kada in fita da yarinyar sai ka mayar. Ruɗanin mutuwa ya mantar da ita. Na buɗe tsumman. Fankar ce.

Na fita na durƙusa a gefen motar na leƙa. Rami ne kawai a wurin, da waya tana lilo.

Mai walda ya ce in mota tana gudu iska kan shiga da kanta ta bi ta hitar. Na ce haka ne. Ban gaya masa a tsaye muke ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka ya yalwata shi. Yadda ka tsare marainiyar motata da yarinyata daga sanyi, Allah ya tsare ka daga duk abin tsoro. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, da mahaifiyata wadda ta rasa yayanta, da direbobin da har yanzu suke tsayawa a ƙofar garejin kafin su tuna. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu zuwan.

An sallamo Auta, ta samu sauƙi. Ni da mai walda mun mayar da fankar, tana juyawa lafiya, kuma tun ranar ban ƙara jin ƙwanƙwasa ba. Yarinya tana cikin ɗumi, Kawu. An zaga da kai, aiki ya ƙare. Ka kwanta ka huta.