Awon Inna Tela

Inna Tela ta yi shekaru tana taka keken ɗinki, har idonta ya daina ganin kafar allura. Sai ta koma bayan gida ta ja fangalin alayyafo, na albasa da na tumatir, kowanne siriri, iya inda hannunta zai kai. Maƙwabta har tsokanarta suke yi wai ta fi sanin lafiyar albasa a kan ta jikokinta.

Da kafaɗarta ta dama ta matsa mata, likita ya raba ta da fartanya. Babban ɗanta kuwa kamar jira yake. Ya ce tunda lambu ya fi ƙarfinta, zai shafe wurin da siminti ya riƙa ajiye mota. Maganar ta ƙona mata rai ƙwarai. Washegari ta rataya tef ɗin awonta a wuya, ta ce ya kai ta shagon kayan noma ta sayi injin kaftu.

Mai shago ya fara nuna mata na fetur. Ta ja igiyar tayarwa, kafaɗa ta amsa, ta ture shi gefe. Mai doguwar wayar lantarki kuma ta ce ba da tsufanta za ta harɗe ta karye ba. Da suka zo kan masu batir, ɗan ya dafa mafi girma, wai in za a sayi abu a sayi na kirki. Ita dai ta durƙusa ta auna faɗin haƙoransa, ta ga zai cinye fangali har da gefensa. Haka ta bi su tana awo, tana ɗaga kowanne da hannun mai ciwon, har ta tsaya kan ƙaraminsu.

"Inna, wannan ai abin wasan yara ne," in ji ɗan.

"Kai za ka riƙe ko ni? Riga daidai jiki ake yanka ta."

Mai shago ya ce busasshiyar ƙasa na shanye caji, ta fara jiƙa ta tukuna. Ta bi shawararsa.

Ɗan bai fid da rai ba. Da ya zo da magini ya duba wurin, sai suka tarar ƙasa ta tashi baƙa wuluk, Inna na biye da injinta, gumi na zuba. Ta kashe shi, ta ɗaga shi da hannun dama a gabansu.

"Ranar da na kasa ɗaga wannan, ka kawo simintinka," ta ce. "Yanzu dai matsa, ka taka min fangali."