Wayar da Yaya ya aiko kafin suna

Wayar ta iso gidanmu a Aboabo saura kwana uku a raɗa sunan ɗiyar Yayana. Shi yana Ingila, can matarsa ta haihu, amma Mma, mahaifiyarmu, ta ce rago nan Tamale za a yanka, malamin unguwarmu ne zai raɗa suna. Shi ya sa Yaya ya ba wani ɗan kasuwa mai dawowa gida waya, don Mma ta ga jikarta ran suna, su ma su kalli taron.

Wallahi ban taɓa riƙe waya mai santsi irin wannan ba! Ni ce injiniyar gida, ko rediyo ta lalace ni ake kira, ba wanda ya koya min. Na zaro cip ɗin Mma, wato sim ɗinta, na saka. Shiru, babu netwok. Sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kod, wai dama goma gare mu.

Kuskurena, na aje ta na tafi sayo koko. Kafin in dawo Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta danna 786.

"Gwaggo, me kika yi?"

"Lambar Bisimilla ce. Akwai ƙofar da ba ta buɗewa?"

Da ta ƙi, ta sake dannawa, wai da farko ba ta da alwala. Kawu ya sa lambar motonsa, wato babur, maƙwabciya ta sa shekarar da ta je Makka, yara ma suka danna nasu har sau huɗu. Saura dama biyu na ƙwace abata.

Na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zuwa unguwar Sakasaka wurin wani mai gyara, Ashanti ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya juya ta ya ce, "Antie, wannan waya kamfanin can ya kulle shi. Cip na Ghana ba zai ci ba. Idan kun gama dama biyun nan, ya mutu kenan. Sai mai shi ya roƙi kod." Na kira Yaya da tsohuwar wayata. Ya tambayi kamfanin, suka ce sai bayan mako guda.

Mma ba ta yi faɗa ba. Ta nannaɗe wayar a mayafi ta sa cikin kwano, ta ce, "Bari kawai, zan ji kukanta ta taki." Tawa kuwa kyamararta ta fashe, fuska ma ba ta nunawa sosai.

Wannan magana ta hana ni sukuni. Na zauna ƙarƙashin bishiyar nim ina ta bincike, bandil ɗin intanet na ƙarewa, har na gano abin da ya sa na yi ihu. Ashe ƙofar cip kaɗai aka kulle! Idan tsohuwar wayata ta raba mata intanet, za ta yi komai. Na gwada. Ta kama!

Ran suna da safe na ɗaure tsohuwar a ƙarfen taga da roba, don nan ne netwok ya fi ƙarfi, na hana kowa wucewa ta wurin. Tabarmi cike, goro na yawo. Na kira Yaya ta bidiyo na miƙa wa Mma sabuwar, sai ga jaririya, ja-wur, tana hamma.

"Matso da ita," inji Mma, tana shafa gilashin da yatsa. "Kai, wannan goshin namu ne."

Malam ya yi addu'a, ya faɗi sunan da ƙarfi. Na Mma ne. Yaya bai gaya wa kowa ba sai malam. Mata suka ɗau guɗa, Mma ta rufe baki da mayafi, ni kuwa na tallafe mata wayar.

Daga can Yaya yana dariya yana cewa, "Mma, ga takwararki. Ni dai bakina ba zai iya kiran sunan ba."

"Ka kuskura ka kira," ta ce, tana share ido. "Ɗaga min ita in ga ƙafafun."