Tsarabar Gafaru daga Gonar Inabi

A Gorton, wata unguwa a Manchester, idan ka tambayi gidan Gafaru ba lalle a gane wa kake nufi ba. Amma ka ce mutumin nan da ke kwana da kekensa, ko mai shagon kifi zai nuna maka ƙofa. Ɗaki ɗaya gare shi a saman bene, kuma kullum da yamma sai ya saɓa keken a kafaɗa ya hau da shi, ya jingine shi kusa da hita, shi kuma ya kwanta can ɓangaren taga inda sanyi ke shigowa. Ya ce sarƙa ba ta son danshi. Haƙarƙarinsa kuwa ya saba.

A Zangon Kumasi aka haife shi, kuma a kan keken kawunsa mai tallan burodi ya koyi tuƙi, tun ƙafarsa ba ta kai feda ba. Da ya zo Manchester ya wanke kwanuka, ya yi gadi, daga ƙarshe ya koma kan abin da ya fara da shi: yana kai wa mutane abinci gida a kan keke, da jaka mai kusurwa huɗu a bayansa kamar ya goya firji. Ya san ƙofofi da yawa a garin nan. Ana buɗe masa su daidai faɗin hannu, a karɓa, a ce "cheers," a rufe.

Ya taɓa aure. Ajara ta yi haƙuri da shi iya yinta, sannan ta ɗauki 'yarsu Safia ta koma Aston a Birmingham, kusa da 'yan'uwanta. Ba a yi faɗa ba, ba a fasa ko faranti ba. Ziyara ta riƙa ja da baya, waya ta gajarce, har ta koma gaisuwar Sallah. Yarinyar sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kama sunan ba. Uwata yake ce mata.

Wata Laraba a farkon Oktoba sai ga kiranta. Hausarta a karye take, Turancin Birmingham ne ya cika bakin.

"Dad, ka zo Lahadi. Lunch, da azahar. Ina da shift a wurin aiki da yamma, so kar ka yi latti."

Ya ce to. Ya sake cewa to bayan ta riga ta kashe.

Abin da ya hana shi sukuni a kwanakin nan shi ne tsaraba. Inda ya tashi, matafiyi ba ya shiga gida hannu rabbana, kuma ba kowane tarkace ake kawowa ba. Abin da ƙasar da ka ratsa ta haifa, shi za ka ɗauko. Wanda ya bi ta Techiman doya zai sauke, wanda ya fito arewa ƙwan zabi. To me ƙasar Gorton ke haifa? Cakulan ɗin kanti? Wannan ai akwai shi a ƙofar gidansu.

Ya kai kukansa wurin Tomas, mai gyaran keke a bakin kasuwa, wanda shi kaɗai ke zama ya ji labarinsa har ƙarshe, watakila don hannunsa na cikin aiki ba halin gudu. Tomas ya goge yatsu ya nuna masa wata hanya a waya, wadda masu yawon keke ke bi ta ƙauyukan Shropshire, tudu da gangara, har ta ratsa gonakin inabi kafin ta karkato Birmingham.

"Yanzu ma lokacin girbi ne," in ji Tomas. "Amma Gaf, inabin na giya ne fa. Kai da ko ƙamshinta ba ka so."

"Su sha abinsu. Ni 'ya'yan nake so."

"Ka shiga train mana, kamar mai hankali."

"Train yana tsayawa a gona?"

A idon Gafaru an riga an gama. Gona a bakin hanya, lokacin girbi: ai mata na nan jere da tire, suna rige-rigen tare matafiya, kana tayawa suna cewa albarka.

Ya tashi Asabar da sassafe. Bayan gidajen bulo sun ƙare sai ƙasa ta buɗe, kore shar, tana hawa tana sauka kamar bargon da ba a shimfiɗa da kyau ba. Ya riƙa haɗuwa da Turawa masu yawon keke, sanye da kayan roba da suka ɗame su tamkar an zuba su a ciki. Kowa ya gani sai ya ɗaga hannu ya yi masa cikakkiyar gaisuwa. Su kuma su ɗan gyaɗa kai su wuce fiu. Ya yi azahar da la'asar a gindin wani shinge, tumaki sun jeru suna kallonsa har ya sallame. Ya ce musu, "Sannunku da aiki." Ɗaya ta amsa. Ranar dai ita kaɗai ta amsa masa da baki.

Ya kwana a Telford wurin wani ɗan garinsu, da safe ya ci gaba. Hantsi ya yi sosai kafin ya hango gonar: layi-layi a kan gangaren tudu, an ɗaure kowace itaciya a waya, ganye ya fara ja. Ya duba dama, ya duba hagu. Ba tire, ba mai talla, ba ko kare. Ya wuce ta farko yana cewa ta gaba za a samu. Ta gaba ƙofarta a kulle. Ya koma baya, ya ɓata hanya a wani lungu, ya hau tudun da ya riga ya hau. Rana na tafiya, ya sani sarai, amma jakar bayansa fayau take.

A ta uku ya tarar da ƙofa buɗe da wani ɗan shago. Bakinsa ya riga shi, ya rangaɗa sallama, sannan ya tuna inda yake ya ƙara da "hello." Ciki kwalabe ne tun daga ƙasa har rufi. Wata dattijuwa mai jan kumatu da takalmin ruwa ta fito, ta tambaye shi ko zai ɗanɗana.

"A'a, madam, na gode. Inabin nake so. Tun kafin ya lalace."

Ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce ba sa sayar da shi haka, kuma ba na ci ba ne: ƙanana ne, ɓawo da kauri, ciki duk ƙwallo, ga tsami.

Gafaru ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji. Ya yi mata bayanin 'yarsa, da Aston, da yadda ba a shiga gida hannu rabbana. Ya lura rabin bayanin bai shige ta ba. Amma ta dube shi, ta dubi keken da laka ta yi wa ado, ta ɗauko almakashi ta ce ya biyo ta. Ta yanko masa curi-curi daga layin ƙarshe, masu sanyi, da raɓa a jikinsu. Ya sa hannu a aljihu ta girgiza kai. To ba ya tafiya haka. Ya ciro goro fari, ya ɓare, ya miƙa mata rabi da hannu biyu. Ta gatsa. Fuskarta ta tattare wuri ɗaya.

"Kuna cin wannan kuna cewa nawa da tsami?" ta ce da ta samu bakin magana.

"Ni ban ce ba, madam. Ke kika ce."

Daga nan ya taka feda kamar ana bin sa. Ruwa ya sauko. Kowane rami ya faɗa sai ya ji jakar ta yi tsalle a bayansa, ya ce, "Yi haƙuri." Azahar ta same shi a kan wani tudu, Birmingham na can nesa cikin hazo. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu sau biyu. Bai tsaya ba, don a lissafinsa tsayawa ƙara latti ne.

La'asar ta gota lokacin da ya ƙwanƙwasa ƙofar. Safia ce ta buɗe, da kwat a jikinta da jaka a kafaɗa. Ta yi tsawo. Ta bayanta ya hango tebur, an kwashe komai sai faranti ɗaya da aka kife da wani.

"Uwata."

"Dad, tun azahar nake taga. Na kira ka."

"Ina kan hanya ne. Na tsaya kawo miki..." Ya sauke jakar da sauri, ya zuge. Rabin inabin ya dame, ruwa ja ya taru a ƙasa, ƙamshinsa ya bugo su. Ya laluba ya zaro curin da ya tsira. "Daga gona. Da idona aka yanko."

Ta dubi inabin, ta dubi wandonsa da ke ɗiga a kan dakali.

"Akwai grapes a corner shop, Dad. Ni kai na ce ka zo."

Hannunsa dai na miƙe. Can ta tsinki ɗaya ta jefa a baki. Idonta ya rufe, hancinta ya tattare, sak fuskar kakarta in ta sha magani.

"Wayyo! This is horrible."

"Na giya ne," ya ce a hankali. "Kar ki gaya wa mamanki."

Dariya ta kufce mata ba da sonta ba. Ta duba waya, ta ce bas ɗinta ya kusa. Ya raka ta, yana tura keken a tsakaninsu, daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Ziyarar ke nan gaba ɗayanta. Ya tambayi karatu, ta ce lafiya. Ta tambayi Manchester, ya ce ruwa. Da bas ya ɓullo ta karɓi curin daga hannunsa, ta naɗe a tishu ta cusa a aljihun kwat.

"Next time ka shiga train. Kar ka kawo komai."

"Hannu rabbana, Uwata?"

"Komai, Dad. Kai kawai."

Ƙofar bas ta rufe.

A jirgin ƙasa na komawa Manchester bai sami wurin zama ba, don keke ba ya shiga tsakanin kujeru. Ya tsaya da shi a lungun bakin ƙofa, jaka a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Yana tsintar ragowar inabin ɗaya-ɗaya, yana tofar da ƙwallon a tafin hannu. Zuwa ba tsaraba, bai san yadda ake yin sa ba, bai san inda mutum zai sa hannuwansa ba idan an buɗe ƙofa. Amma ta ce next time, wato akwai wani zuwan. Ya maimaita wa keken, a hankali, don wata mata na kallonsa.