Kufan da Inna Ta Kai Mu Bayan Takieta

Daga Zango zuwa Takieta

Ranar Asabar da kaka, shekarar da aka yi ƙuri'ar eh ko a'a kan zama da Faransa, muka fito daga gidanmu na unguwar Zango a Damagaram bayan sallar asuba. Mu uku ne: ni mushen lakwal, wato malamin makaranta, da mahaifiyata Inna, da 'yata Hadiza mai shekara goma. Inna ce ta matsa a kai ta wani kufai da ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma ta ƙi faɗin dalili.

Ƙarfe shida da rabi kamiyon masu sayen gyaɗa, babbar motar da muka shiga, ya tashi. Direban ya dubi Inna ya ce, "Iya, ki shigo gaba, baya akwai jijjiga." A bakin gari jandarma ya duba takardunmu, ya tambayi abin da zai kai mu. Na ce yawon ganin daji. Ya yi dariya ya ɗaga sandar da ta tare hanya. Kilomita hamsin ɗin nan sai ƙarfe tara muka cinye su.

A Takieta wani manomi, Malam Isufu, ya sauke mu, matarsa ta dama mana fura da nono mai sanyi. Da ya ji inda muka nufa ya ce, "Kufan 'yan mishan? Makiyaya kaɗai ke zuwa can. Amma zan raka ku."

A ƙasa, wajen kilomita bakwai

Ƙarfe goma muka ratsa gonakin da aka girbe. Hadiza ba ta bar komai ya wuce ba.

"Baba Isufu, sawun mene ne wannan?"

"Zabin daji ne, 'yata. Wancan mai jan wutsiya kuwa damo."

"Me ya sa itacen can ke toho, sauran suna kaɗe ganye?"

"Gawo ke nan. Shi da damina yake tuɓewa."

Muka tsinki magarya, muka ga burtu biyu suna takawa kamar manyan gari. Ni da nake koyar da sunayen kogunan Faransa, rabin itatuwan nan ban san su ba. Inna kuwa, da nake tsoron za ta gaji, ita ce a gaba da sandarta, ba ta tambayi hanya ko sau ɗaya ba.

Kufai

Da azahar muka isa. Ganuwar gidajen ta narke, amma ana ganin an jera su layi biyu a miƙe, da rijiya ginin dutse a tsakiya, da tsamiyoyi takwas da hannu ya dasa. Bayansu akwai fili cike da duwatsu shimfiɗaɗɗu, girmansu ɗaya, ba rubutu.

Inna ta zauna a gindin tsamiya ta ce, "Abdu, zauna. Nan aka haife ni."

Na ce, "Inna, ba a birni ba?"

"Haka na bar ku kuka ɗauka. Uwata baiwa ce. Da aka 'yanta bayi, waɗansu turawan mishan suka tara waɗanda ba su san hanyar gida ba, suka ba su gonaki a nan. Uwata ba ta bar sallarta ba, su ma ba su hana ta ba. Shekarar yunwa ta rasu, gari ya watse, wata mai koda, mai yi wa mutane dakau, ta goya ni zuwa Damagaram. Dangin ubanka ba su taɓa sani ba."

Hadiza ta dubi duwatsun ta ce, "Kaka, wanne kabarin ne nata?"

Inna ta bi layin farko tana dubawa, ta bi na biyu, ta dawo. "Na ɗauka zan gane. Duk iri ɗaya suka yi su, wai kada wani ya fi wani."

Malam Isufu ya karyo reshen sabara ya miƙa mata. "To Iya, a share duka mana."

Muka share su ɗaya bayan ɗaya, mu huɗu, har la'asar, muka yi addu'a. A Takieta muka kwana.

Komawa

Lahadi da hantsi muka sami kamiyo, ƙarfe ɗaya muna Zango. A ƙofar gida muka tarar da gwaggona Hajiya Mariya, ƙanwar mahaifina, wadda ta san asalin kowa a unguwa. Ta dubi Inna ta ce, "Yaya, ina kuka shiga haka, ƙafa duk ƙaya?"

Na buɗe baki zan ce yawon daji, Inna ta riga ni. "Garinmu na je, Mariya, wurin uwata. Shigo ki zauna, labarin da tsawo."

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Isufu da iyalinsa. Allah Ya ji ƙan kakata, ko wanne ne nata.